Tseren Miƙa Sanda

Malama ta ɗora wa Monita aikin shirya wasannin ajinsu. Monita yarinya ce mai kazar-kazar, ga son a yaba mata.

A da, maza kaɗai ke tsere. Sai ta ware wa 'yan mata nasu. Ta tuna da yara maza biyu masu keken guragu, su ma ta ware musu nasu. Ta ce a ranta, "Shi ke nan, kowa ya samu."

Ranar gwaji, wata yarinya da ake kira 'Yar Dariya ta turo kekenta na guragu zuwa layin 'yan mata.

"Wannan gudun ƙafa ne," in ji 'yan matan.

Ta juya wajen masu keke.

"Wannan na maza ne," in ji su.

Ta koma gindin bishiya ta yi tagumi. Washegari ba ta zo makaranta ba. Ita ce mai ba ajin waƙar ƙarfafa gwiwa, don haka filin ya yi tsit, gwajin da aka sake yi ranar ya yi lami.

Malama ta kira Monita. "Wane tsere kika shirya wa 'Yar Dariya?"

"Malama, ai na yi wa mata, na yi wa masu keke."

"Ita mace ce, kuma tana kan keke. Abu biyu ne suka haɗu mata. A wanne za ta shiga?"

Monita ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta.

Da yamma ta roƙi yayarta ta raka ta gidan su 'Yar Dariya.

"Ki yi haƙuri, ƙawata. Yaya kike so a yi?"

"Sai yanzu kika tambaya?" in ji 'Yar Dariya, tana hararar wasa. "A yi tseren miƙa sanda mana. Kowace ƙungiya a sa mace da namiji, mai ƙafa da mai keke."

Haka aka yi. Ranar wasa, Monita ta miƙa mata sanda tana haki. 'Yar Dariya ta murza tayoyi, gyalenta na kaɗawa, har ta riga kowa tsallake layi. Ajin ya ɓarke da waƙa, har Malama ta taka rawa.

Daga ranar Monita ta gane cewa wani mutum wahala biyu ke haɗe masa lokaci guda. Idan za ka yi wa mutane adalci, ka duba wanda ya faɗa tsakani, ka tambaye shi abin da yake bukata.