Dalmar Hancin Jirgi

Ƙarfe goma na safiyar Asabar aka bugo waya caji ofis cewa jirgi ya faɗo a Challawa ya kashe mutum. Sufeto Badi'a Haruna ta ɗauka shirme ne, sai da ta je ta gani da idonta.

Jirgi ne kuwa, amma na rimot, samfurin jirgin yaƙi mai tsawon taku goma, da injin jet na gaske mai shan kananzir. Ya tarwatse a ƙofar wani kamfanin jimar fata. A gefensa an lulluɓe gawar Malam Mamman mai gadi, wanda ya taso daga bencinsa don kallo. 'Ya'ya shida ya bari.

Ran Badi'a ya ɓaci matuƙa. Magidanci guda, a ce abin wasa ne ajalinsa.

Wanda ya ƙera jirgin, Musbahu mai walda daga Sharada, yana tsare a bayan kanta a caji ofis, fuska a kumbure, don da ƙyar aka ƙwace shi daga hannun jama'a. Difi'o ya ce ranar Litinin za a kai shi kotu da laifin kisa.

"Kai ka riƙe rimot ɗin?" Badi'a ta tambayi Musbahu.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Yana tashi ya ɗaga hanci sama, na danna ya ƙi ji. Sai ya juyo ta baya."

"Me ke kawo haka?"

"Idan baya ya fi gaba nauyi. Amma kilo biyu na dalma na ɗaure a cikin hancinsa. Ranar Alhamis na auna shi da hannuna."

"Duk wanda ya yi ɓarna haka yake cewa."

Ba ta yarda da shi ba, amma Badi'a ba ta iya barin magana a rataye. Ta koma Challawa, ta sa Sajan Lawan ya kwance murfin hancin. Fayau, babu komai. Ba kuma faɗuwa ce ta fizge dalmar ba, domin notikan da suka riƙe ta an mayar da su an ɗaure tsaf.

Ta goga ɗan yatsa a kan sukurorin murfin. Fenti ruwan toka ya biyo ta, bai gama bushewa ba.

A rumfar Musbahu da ke Sharada ta tarar da Tijjani mai fenti, abokin aikinsa. Shi ya zuba gangar jikin jirgin da robar faiba, shi ya fente shi.

"Yaushe rabonka da taɓa jirgin nan?"

"Sati biyu ke nan, ranki ya daɗe. Ni nawa fenti ne, na gama na tashi."

"Sunan wa ke jikin wutsiyar?"

Fuskarsa ta canza. "Injiniya Musbahu."

"Shi kaɗai? Shekara uku kuna tare?"

"Haka ya ce in rubuta."

Ta dubi gwangwanin fenti ruwan toka da ke ƙarƙashin teburinsa. Fenti kowa zai iya tsoma buroshi ya shafa, kuma lauyan da bai san komai ba ma zai faɗi haka a kotu. Tana bukatar abin da ya fi wannan.

Mutanen yanzu ko gobara ake yi sai sun ɗaga waya. Abin da Badi'a ta fi tsana ke nan, yau kuma shi ya yi mata rana. Lawan ya tattaro bidiyo tara daga ma'aikatan kamfanin. Takwas jirgin suka ɗauka. Na taran wata mai wankin fata ce ta ɗauko jama'a tun kafin a tayar da inji.

Badi'a ta kalla sau uku, ta ce a kawo mata Tijjani.

Ta ajiye wayar a gabansa. "Wane ne wannan mai tura babur?"

"Ni ne."

"Kowa na turereniya ya matso gaba, kai da ka yi jirgin kana tura babur bayan katanga. Ka ɓuya kuma ba ka ƙara leƙowa ba. Me kake gudu?"

"Rana ce ta..."

Ta daki tebur. "Rana da ƙarfe tara na safe? Kada ka raina min hankali. Wa ya shafe sukurorin da fenti jiya?"

Da Tijjani ya buɗe baki, fushi ne ya fito.

"Hannuna ya ƙone da gam, ƙirjina ya cika da ƙurar faiba. Ya gayyato masu ɗaukar hoto, ko sunana bai ambata ba. So na yi jirgin ya kife a gabansu, ya ji kunyar da na ji. Dalmar tana cikin kwata bayan rumfa. Wallahi ban nufi ran kowa ba."

"Ban da wannan fa, akwai abin da za ka ƙara?"

Ya girgiza kai.

Ta ce da Lawan ya fito da Musbahu, ya sa wa Tijjani ankwa. Har sun kai ƙofa ta tsayar da su, ta mayar da bidiyon baya, ta ɗora yatsa a kan wani dattijo mai hular gadi.

"Dubi nan. Da kake tura babur ɗinka, Malam Mamman ne ya matsa ya ba ka hanya. Har sannu ya yi maka. Ka tsirar da babur, shi kuma ba ka ce masa ya koma ciki ba."

Tijjani bai ɗago kai ba har aka wuce da shi.