Ƙurar Gawayin Auta

Da almuru abin ya fara. Auta na zaune a bakin taga, littafin zanen magabata buɗe a gabanta, tana kwaikwayon fuskar wata tsohuwa da gawayi. Ta murza inuwar kunci da yatsa, ta ɗiga alli a ƙwayar ido, sannan ta ɗaga takardar ta hure ƙurar waje. Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani dutsen ya biyo shi. Inna ta leƙa titi, ba kowa.

Kwana da kwanaki duwatsu na zuba. Auta ta daina magana, yatsunta na dama suka ƙanƙame. Inna, mai mitar an ɓata mata zanen gado da baƙi, sai ga ta riƙe da hannun tana kuka. Maigidan, mahaifin Auta, ya ce a ƙona takardun a huta. Shi dama kullum gajeriyar hanya yake nema.

Aka kira Malam. Ya yi ta karatu har ɗakin ya yi tsit. Bakin Auta ya buɗe, amma muryar ta wani tsohon aljani ce.

"Ɗana na wasa ƙarƙashin taga, ta hura masa baƙi a ido."

"Ba ta gan shi ba," in ji Malam. "Me kake so?"

"Hannun. Ta rantse ta bar gawayi har abada, in sake ta."

Maigidan ya yi caraf: "Mun yarda!"

"Ba mu yarda ba."

Inna ce. Fushinta ya fi tsoronta.

"Bawan Allah, ni ma uwa ce. In abu ya faɗa wa yaro a ido, wankewa ake yi. Yarinyar nan sai da yatsunta suka yi kanta kafin ta iya zana hanci. Haƙuri za mu ba ka, hannu kuwa ba naka ba ne."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Aljanin ya yi ƙara, ya yi zagi, daga bisani ya sauko: a riƙa rufe tagar da almuru, ƙura kuma a tara ta a faranti. Malam ya sa shi ya rantse zai sake ta. Auta ta yi atishawa ta sulale ƙasa, yatsunta suka saki.

Kafin ta farfaɗo, maigidan ya tattara takardun a hammata ya nufi murhu. Inna ta tare ƙofa.

"Ajiye su, Baban Auta. Wanda ya fi ka ma bai samu ba."