Fayil Ɗin Malama

Auta yana tsugune gaban Umma, yana rage mata hotunan jikoki da suka cika mata waya, sai ga yayarsa, Yaya Babba, ta faɗo falon ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Umma, magana ta tabbata! Yarinyar nan faɗuwa take yi. 'Yar maƙwabciyata a makarantarsu take, ta ce bara a gaban ɗalibai ta zube tana kumfa!"

Saura kaɗan wayar ta suɓuce masa. Yarinyar da ake nufi ita ce Malama, mai koyar da lissafi a firamare, wadda saura wata biyu a ɗaura musu aure. Ita kaɗai ce macen da ta taɓa zama da shi minti ashirin bai ce uffan ba, ba ta kuma tashi ta yi tafiyarta ba. Auta dai mutum ne da zai rubuta wa kwamfuta umarni layi dubu bai gaji ba, amma a ce ya gaisa da baƙo, sai gumi ya jiƙa masa riga. Shekararsa talatin da ɗaya, har yau in aka kira shi sai ya zuba wa wayar ido ta katse, sannan ya tura saƙo: "Lafiya?"

Umma ta dafe ƙirji. "Farfaɗiya? A zuri'ata?"

Yaya ta juyo kansa. "Ba kai ka haɗa wa asibitin can manhajar da suke ajiye bayanan marasa lafiya ba? An ce can take ganin likita. Ka buɗe fayil ɗinta, ka kawo mana a takarda."

"Yaya, ai... ai ba a..."

"Ba a me? Buɗe baki ka yi magana kamar namiji!"

Umma ta ce a hankali, "Auta, ban taɓa roƙon ka komai ba. Kafin la'asar nake son in sani. In ba ka duba ba, da kaina zan aika a ce mun fasa."

Ɗakin aikinsa yana can ƙuryar asibitin, babu taga, sai sanyi da gurnanin injina. Ya zauna ya rubuta sunan Malama a gurbin bincike. Nan take gargaɗi ya fito, wanda shi da kansa ya rubuta shekara biyu da suka wuce: "Kana da izinin mai wannan bayani?" Ya san yadda zai tsallake shi, ya san yadda zai goge sawunsa cikin minti ɗaya, babu mahaluƙin da zai gane. Wannan sauƙin shi ya ba shi tsoro. In ya danna, zai zauna gida ɗaya da matar da ya yi wa sata. In bai danna ba, Umma ba ta magana biyu.

Hanya ɗaya ta rage, wadda ya fi tsoro a duniya: ya je ya tambayi Malama ido da ido. Ya goge sunan harafi bayan harafi, ya tashi ya nufi makarantarsu.

Ya same ta an tashi yara, tana goge allo. Ya rasa wurin zama, ya ɗosana a kan ƙaramar kujerar ɗalibai, gwiwoyinsa har haɓa.

"Injiniya! Yau kai ne da rana tsaka, ba saƙo ba komai?"

Ya kafe takalminsa da ido, ya zayyana mata duk abin da ya faru, yana tuntuɓe a kowace kalma.

"Ka duba?"

"Na rubuta sunanki. Ban... ban danna ba. Wallahi."

Ta ajiye magogin allon. "Gaskiya ne, ina da farfaɗiya. Tun ina shekara goma sha huɗu. Ina shan magani, bara ne ya yanke mini na kwana biyar. Daga nan ciwon bai sake zuwa ba." Hawaye suka zubo mata. "Sau uku ina ce maka akwai maganar da nake so mu yi. Sau uku kana cewa kwamfutar asibiti ta tsaya, ka ruga!"

"Na ɗauka za ki ce kin fasa ne."

"Ni ma abin da nake tsoro ke nan. To ga shi ka ji. In ka tafi, ba zan riƙe ka a raina ba."

Tsoron ciwon yake ji, ba ƙarya, amma tsoron rasa ta ya fi. Ya laluba aljihu ya ciro biro da 'yar takarda.

"In ya zo miki ina wurin... me zan yi? Ki faɗa a hankali, zan rubuta."

Ta dube shi, dariya da kuka suka haɗe mata. Ta ce ya janye duk abin da zai ji mata ciwo, ya sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, kada ya danne ta, kada ya tura mata komai a baki, ya duba agogo, in ya lafa ya kwantar da ita ta gefe. Ya rubuta, har da lamba ɗaya, biyu, uku.

Da la'asar ya durƙusa gaban Umma, muryarsa tana karkarwa.

"Ban duba ba, Umma. Amanar mutane ce. Na tambaye ta, ta ce gaskiya ne. Kuma... ita nake so."

Yaya ta tafa hannu tana salati. Umma ta tashi ta shige ɗaki, ta turo ƙofa. Aka ɗage auren. Wata huɗu yana zuwa gaishe ta kullum safe, tana amsawa da ka kawai, shi kuma kullum yana fita da fargabar yau ne za ta aika a ce an fasa. Bai ɗaga mata murya ba, bai kuma daina zuwa wurin Malama ba. A ƙarshe Malama da kanta ta roƙi Umma ta raka ta wurin likita, ta ce a karanta wa Umma fayil ɗinta duka, kada a rage.

Da suka dawo, Umma ta wuce ɗakinta. Sai da safe, yana miƙa mata wayarta zai fita, ta riƙo hannun rigarsa.

"Zauna. Takardar nan da aka ce ka rubuta, karanto mini. Ai ba kullum kake gida ba, wataran ni ce zan kasance da ita."

Auta ya fara karantawa, hawaye suka hana shi wuce lamba biyu.

Sirrin wanda kake so ba a shiga masa ta bayan gida, ko da mabuɗin yana hannunka. Tambaya ake yi, komai rawar murya, sannan a yi haƙuri da iyaye har zuciyarsu ta sauko.