Muryar Inna a Ɗan Gulbi

Ranar da Zakiru ya fara ganin Haula, yana kwance ƙarƙashin tebur yana bin waya. Ƙafafunta ya fara gani, da jan lalle, sannan muryarta ta sauko masa.

"Kai ne sabon mai gyaran? An ce ba ka magana."

"Ina yi. In da dalili."

"To ga dalili. Makirona ya mutu."

Ya gyara mata abin maganar, bai ƙara ko kalma ba. Da za ta fita sai ta waiwayo. "Na gode, Mai Shiru." Sunan ya bi shi.

Gidan rediyon ƙarami ne, a Dakoro, da ƴan tashoshi masu maimaita shirye-shirye a Sabon Maci da Mai Yara da Ɗan Gulbi. Haula ke gabatar da shirin gaisuwa: mutane su aiko da murya ta waya, ta saka, ta amsa. Kujerar da take zama ta mahaifiyarta ce, marigayiya Kadija, wadda ta daɗe tana shirin mata a gidan. Zakiru kuwa ya gama lise, wato sakandare, bai ci jarrabawar bak ba, ya koyi odinatar, wato kwamfuta, a wani shago a Maraɗi. Yana son Haula. Bakinsa ya kasa, sai yatsunsa a saƙon waya.

"Muryata, yau kin yi tari a iska. Ki sha citta."

"Mai Shiru, wannan ita ce soyayyar taka? Citta?"

"Ita ce."

"To na sha."

Shi ya shirya wa gidan rediyon ajiyar shirye-shirye. Duk abin da aka ɗauka a Dakoro, kwafinsa na tafiya ta rezo, hanyar sadarwa, zuwa tashoshin ƙauye. Labarai da talla a Sabon Maci da Mai Yara. Shirin gaisuwa da tsoffin shirye-shiryen mata a Ɗan Gulbi, don faifan ajiyar can ya fi girma.

Da ya je gaida mahaifinta, Elhaji Hamani, mai bisashe, dattijon ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Mi kake kiwo?"

"Ba ni da kiwo, Baba. Ajiya nake yi. Kamar yadda kuke rarraba bisashe wurin dangi, in ciwo ya shiga garke guda, saura na nan."

"Madalla. Ka taɓa kiran su gida, ka ga ko za su zo?"

Zakiru bai taɓa ba. Wannan karon shirun bai yi masa kyau ba.

Hadarin farko na shekara ya zo da tsawa. Ta bi eriya ta ƙone babbar odinatar ta Dakoro, har faifanta. Haula ta tsaya bakin ƙofa tana shaƙar ƙaurin.

"Muryar Inna fa?"

"Tana Ɗan Gulbi. Zan kawo ta."

Ya ɗaura wani faifan a wata tsohuwar odinatar, ya kira ajiya. Ta Sabon Maci ta zo. Ta Mai Yara ta zo. Ta Ɗan Gulbi ta fara tahowa, sai ta koma rarrafe. Koren layin da ke allo ya motsa kaɗan, ya tsaya, kamar mai shawara.

Ya gwada rezo, lafiya lau. Ya sauya waya. Ya tsayar da duk wani aiki da ke cin hanya, har diraktan gidan ya yi faɗa don ya kasa buɗe saƙonninsa. Layin bai kula ba. Abu biyu ya lura da su. Da sanyin safiya yana ɗan tafiya, rana na ɗagawa ya kusa tsayawa. Kuma abin da ke zuwa ƙanana ne, birjik, kowanne sai inji ya buɗe, ya auna, ya rufe, kafin ya ɗauko na bayansa. Sababbi ne a gaba. Tsofaffi na can ƙarshen layi.

Ya buɗe ɗaya don ya ji ko mene ne.

"Salamu alaikum gidan rediyo. Ni ne Yazidu dillali. Ina gaida Haula, tauraruwar Dakoro."

Ya buɗe wani. Yazidu. Wani kuma, Yazidu daga kasuwar dabbobi, ana jin kukan raƙumi bayansa. Sai ga muryarta, da dariya: "Mun amsa, Yazidu namu, Allah ya bar zumunci."

Namu. Zakiru ya cire abin kunne ya ajiye a hankali.

Saƙonta ya shigo. "Mai Shiru, ina aka kwana?"

Bai amsa ba. Wani ya biyo. "Ka ci abinci?" Shi ma bai amsa ba.

Yazidu ba ɓoyayye ba ne. Dogon mutum, mai sabon moto, wato babur, kuma manyansa sun riga sun kai gaisuwa gidan Elhaji. Suka haɗu da Zakiru wurin mai shayi.

"A'a, mai waya! An ce ajiyarka na tahowa bisa jaki." Aka yi dariya. "Kar ka damu. Na gaya wa Elhaji zan saya wa rediyo sabuwar odinatar, kyauta."

Zakiru ya bar shayinsa bai sha ba.

Elhaji Hamani ya aika aka kira shi. Bai ce ya zauna ba.

"Ni ban iya karatu ba. Hoton marigayiya guda gare ni, shi ma ya koɗe. Duk Juma'a ɗiyata kan sa mini tsohon shirinta, in ji ta. Yanzu ka ce tana hanya. Da ruwa ya zauna zan tahi arewa da bisashe, kuma kafin in tahi zan ba mutanen Yazidu amsa. Ba na tilasta ta. Amma wanda ya ɓatar mini da muryar uwarta, ba ni ba shi ita."

Haula ta same shi gaban allo, hannu a haɓa.

"Mi na yi maka?"

Ya danna. Muryarta ta fito, "Yazidu namu."

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta karɓi abin dannawa, ta buɗe wani. "Mun amsa, Agali namu." Wani. "Hanatu tamu ta Mai Yara." Wani. "Baba mai gishiri namu."

"Dakoro duka namu ne a iska. Aikina ke nan." Ta ajiye abin dannawa. "Uwata na can cikin akwati, kai kana nan kana kishi da gaisuwa. Ko ka san ban ƙara tuna yadda take dariya ba? Ina nema cikin kaina, ba na samu."

Ta fita. Ƙofar ba ta rufu da kyau ba, iska ta yi ta buga ta.

Ya daɗe yana kallon layin. Gaisuwar Yazidu ce ta tare hanya, gaskiya ne, da ta dubban mutane. Amma gaisuwa ba ta san safe da rana ba. Wani abu can yana jin zafi.

Ya ari moto. Hanyar Ɗan Gulbi ta jiƙe, ya faɗi cikin taɓo, ya tashi, ya ci gaba. Gero bai kai idon sawu ba a gonaki. Ya isa rana tsaka.

Malam Na'Allah, mai gadin tashar, ya tare shi da murna. "Injinka na nan lahiya lau, yaro. Rufin ɗakin na yoyo, sai na lulluɓe shi. Ko ɗigo bai taɓa shi ba."

A kusurwa, ga akwatin ajiya naɗe cikin leda, an ɗora bargo, an ɗaure da igiyar rijiya. Zakiru ya kwance. Zafi ya bugi fuskarsa kamar an buɗe tanda. Faifan na wani ƙara, ƙas, ƙas, ƙas.

"Tun yaushe, Malam?"

"Tun bara da damina. Na ga ya zauna shiru, sai na bar shi. Na yi ɓarna?"

Zakiru ya dubi tsohon, ya dubi rufin. Shi ne bai taɓa zuwa ba tun da ya kafa akwatin. "Ba ka yi ba. Miƙo mini mafici."

Suka fitar da shi inuwa, Malam Na'Allah na fifita. Da ya huce, Zakiru ya haɗa shi kai tsaye da odinatarsa, babu rezo tsakani. Ya tsallake gaisuwa duka. Yatsansa ya ɗan tsaya kan na Yazidu, sannan ya wuce, bai goge ko ɗaya ba. Ya je ƙarshen layi, wurin shirin mata, ya fara kwashewa.

Yawanci suka ƙi buɗuwa. Zafi ya cinye su. Wasu suka zo rabi. Ƴan kaɗan suka zo cikakku. Faifan ya yi ƙas na ƙarshe, ya yi shiru.

Ya rubuta mata: "Na samo ta. Ba duka ba. Mafi yawa sun tafi, ba za su dawo ba. Ki yafe mini, Muryata."

Amsa ta zo. "Ka taho a hankali. Hanya da santsi."

Bai tsaya wanke taɓo ba, ya zarce gidan Elhaji. Haula na bakin zaure. Ya durƙusa.

"Baba, na kira su. Kaɗan suka zo. Sauran sun mutu a hannuna."

Zakiru ya kunna ɗaya daga cikin na rabin. Shuuu, sannan murya, mai kauri, mai dariya a ciki.

"...to mata, mu tsaya nan. Maigidana kuma, in kana saurare a kasuwa, ka sayo kanwa, kuma ka taho da wuri, don auta ta ƙi cin..."

Ya yanke. Haula ta toshe baki da mayafi.

"Tuwo," in ji Elhaji Hamani. Idonsa na ƙasa. "Tuwo ta ƙi ci. Na manta kanwar, ta yi mini faɗa." Ya ja rawani ya rufe hanci. "Wannan ɗiyata ba ta taɓa sa mini shi ba. Sake."

Ya sake. Ya kuma sakewa.

"Yazidu ya ce zai sayi sabon inji," in ji dattijon daga baya. "Na ce mishi babu kowa cikin sabo." Ya juya wurin ɗiyarsa. "Ke, mi kika ce?"

"Abba, tun ranar da ya gyara makiro na ce."

"Kai kuma, ka turo manyanka kafin in tahi. Kuma ka riƙa zuwa kana duba abin da aka ba ka."

An ɗaura auren kafin bisashe su tashi, ana yayyafi. Yazidu bai zo ba, amma ya aiko da gaisuwa a rediyo, gajera, aka saka. Da za a kai amarya, babu uwar da za ta yi mata nasiha. Haula ta sa abin kunne ƙarƙashin lulluɓi, ta yi kuka har ƙofar ɗaki. Elhaji ya dafa kansu su biyu.

"Allah ya ba ku zaman lahiya. Ya bar ku tare fiye da yadda ya bar mu."

Aka ce amin.

Yanzu duk Juma'a Zakiru kan kira wani abu daga kowace tasha, ya ga ya iso, sannan ya tafi masallaci. Rufin Ɗan Gulbi an gyara. Ran nan yana gaban allo saƙo ya shigo.

"Mai Shiru, ka sayo kanwa."

Ya karanta, ya kashe odinatar, ya tashi da wuri.