Cigiya a Cikin Iska

Magariba ta kawo jiki. Mama na kwashe shanya, rediyo a kan taga, tana jiran muryar autarta mai karanta sanarwa a gidan rediyo. Kiɗan buɗe shiri ya ƙare. Sai shiru. Auta kuwa ta sha faɗa mata cewa in jar fitila ta kama, makirfo a buɗe yake, kuma babban laifi ne a bar iska babu magana.

A cikin shirun nan Mama ta ji numfashi. Ba na 'yarta ba ne.

Abokan aiki suka kawo Auta gida, ido a buɗe, baki a rufe. Tun daga ranar, da rana ta faɗi sai tsakuwa ta soma sauka kan kwanon rufi. Mama ta zare batir, ta kife rediyon ƙarƙashin gado, bai fasa huci ba. Yarinyar da muryarta ce abincinta, ko tari ba ta yi.

Aka ɗauko Malam. Ya daɗe yana karatu kafin Auta ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta wata mace ce, tana yankewa kamar tashar da ba ta kamu ba.

"Me kike nema jikin 'yar mutane?" in ji Malam.

"Kun kafa dogon ƙarfen rediyo a hanyarmu. Maganarku na hawansa, ta bazu a iska kamar ruwan da aka jefa wa dutse. Ranar da kuka kunna shi ta raba ni da ɗana. Na yi ta kira, surutunku ya danne ni. Wannan yarinyar kaɗai ta bar ƙofa a buɗe."

"Shi ne kika ƙwace mata murya?"

"Aro na yi. Ba cigiya take karantawa ba? Sai ta yi mini tawa."

Mama na tsaye a bakin ƙofa, ba ta san sanda ta ce, "Baiwar Allah, shekarunsa nawa?" ba.

"Ko yaye shi ban yi ba."

Malam ya ce, "Sau ɗaya za ta yi. Ki fita, ba dawowa."

Muryar ta rantse. Auta ta yi atishawa, ta ce, "Mama, ƙishirwa."

Da ta koma aiki, da magariba, Auta ta karanta cigiyar yaro marar suna, sannan ta yi shiru da gangan. Mama ta manna rediyo a kunne. Can ƙasan hucin ta jiyo kukan jinjiri, siriri, yana matsowa. Sai ya tsaya cak, kamar an sa masa nono a baki.