Tabon Hannun Gado

"Naɗe hannun rigarka in gani."

Gado bai ko gama sallama ba. Tun da ya fara zuwa zance gidan Baba Jibo baduku a Dogon Dutsi, Ajuma ba ta taɓa tarbar sa a tsaye ba. Kullum sai ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta zauna gefe tana wasa da bakin zanenta. Yau ba tabarma, ba ruwa, idanunta kuma sun kumbura.

"Ajuma, mi ya faru?"

"Na hagu... Naɗe shi."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya kwance maɓalli ya ja rigar sama a hankali.

Ga shi nan. Tabo ne tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, fatar ta tattare ta yi fari-fari, ya yi rassa kamar saiwar itace.

Ajuma ta jingina da bango.

"Ashe gaskiya ne," ta ce da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Gado ɗan garin Ɗan Kassari ne. Yana ƙarami aka ɗauke shi aka kai shi lekwal, wato makarantar boko, lokacin da Faransawa suka tilasta kowane gari ya ba da yara. Daga nan ya wuce Yamai, ya koyi aikin wayar lantarki, har mutane suka daina kiran sunansa sai Mai Kuran, wato mai wutar lantarki. A wannan shekara ta 1955 wani kamfanin yankan katako na Kumasi, can ƙasar Kurmi ta Ingilishi, ya kira shi aiki, da gida na mai iyali. Ubansa ya daɗe da rasuwa, don haka ya shirya ya tafi da tsohuwarsa da amaryarsa da zarar an gama girbin gero. An riga an sa rana. Ajuma ta fara koyon gaisuwar mutanen can wurin matan fatake, tana yi tana dariya.

Sai ranar kasuwar Juma'a magana ta ɓulla.

Inusa mai goro ne ya kawo ta, wanda ya nemi Ajuma bara ta ce ba ta yi. Ya zauna a rumfarsa yana ba manya goro kyauta, yana faɗi cikin jimami cewa wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya shaida masa aradu ta faɗa wa Gado a Yamai, kuma duk mai shakka ya tambayi abin da ya sa yaron ba ya sa riga mai gajeren hannu ko ana tsananin zafi.

A ƙasar Arewa ta su Dogon Dutsi kuwa ba a wasa da wannan. Kowa ya san aradu ba ta faɗa wa mutum haka kawai, ɓarawo take nema ko mai rantsuwar ƙarya, kuma an ce in ta kuskure uba tana jiran ɗa. Kafin a tashi kasuwa maganar ta riga Ajuma isa gida. Inna Ladidi, mahaifiyarta, ta tattara kayan da dangin Gado suka kawo ta ɗaure su wuri ɗaya, ta ce a mayar.

Gado ya saurari wannan duka daga bakin Ajuma kansa a sunkuye. Da ta gama sai ya gaya mata yadda abin ya kasance. Yana bisa falwaya ne yana haɗa waya, wani abokin aiki ya mayar da wuta bai san da mutum a sama ba, wayar ta kama hannunsa. Igiyar da ya ɗaura a ƙugu ce ta hana shi faɗowa. Ya yi jinya a asibiti har fatar ta warke.

Wani sanyi ya ratsa ƙirjin Ajuma, kamar an sauke mata tulu daga ka. Sai dai sanyin bai daɗe ba fushi ya biyo shi.

"To don mi ka ɓoye mini?"

"Tsoro na ji, ƙanwata. Na ce in Inna ta ji aikin yana ƙona mutum, ba za ta ba ni ke ba."

"Yana ƙonawa?"

"Yana ƙonawa. Yana kisa ma, in aka yi sakaci. Ba zan sake yi miki ɓoyo ba."

Ta dube shi. Wannan shi ne mutumin da za ta bi zuwa ƙasar da ba ta san kowa ba, inda ko yaren kasuwa sai ta koya. Kowace safiya zai fita ya hau falwaya, ita kuma ta zauna jira. Ta auna abin a zuciyarta ta ga yana da nauyi. Ta auna zaman Dogon Dutsi ba tare da shi ba, ta ga wannan ko ɗaga shi ba ta iyawa.

Ta miƙa hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta taɓa tabon da ɗan yatsa.

"Yana yi maka zafi?"

"Da damina yakan yi ƙaiƙayi."

"Mai Kuran," ta ce, hawaye na zuba tana murmushi, "ka kusa kashe ni a banza."

Amma Inna Ladidi ba ta saurara ba. Ajuma ta kai mata bayanin Gado, ta ce ai ɓarawo ba ya rasa abin faɗi. Baba Jibo ya yi ƙoƙarin sa baki, ya ce shi dai bai taɓa ganin aibu ga yaron ba, ta juya masa baya ta ci gaba da daka. Da ya ga haka ya koma rumfarsa ya duƙufa kan sirdin da yake ɗinki, don shi mutum ne mai gudun hayaniya. Ya dai hana a mayar da kayan, ya ce a dakata.

Abin da ya ɗaure wa Ajuma kai, Inna ba mai saurin yarda da maganar kasuwa ba ce. Ita ce ma kullum take cewa goron Inusa ya fi maganarsa kyau. Me ya sa yanzu ta rungumi zancensa kamar aya?

Juma'a ta zagayo, Ajuma ta nemi matan Lugu masu kawo gero kasuwa, ta ba su saƙo zuwa ga kakarta, Altine, uwar Inna. A Lugu aka haifi tsohuwar, can ta tsufa, kuma in dai maganar iskoki ce ko ta aradu, har daga Tibiri ana zuwa tambayar ta.

Ba a yi tsammanin za ta zo da kanta ba. Sai ga ta bisa jaki, da sanda a hannu, tana yi wa mai jan jakin faɗa wai yana tafiya kamar amarya.

Ta huta, ta sha fura, ta ce a kira yaron.

Gado ya durƙusa gabanta a tsakar gida, ƙarƙashin itacen bedi. Maƙwabta sun cika bakin ƙofa. Inna Ladidi na daga bakin ɗakinta ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, Ajuma kuwa tana bayan rumbu.

Kaka Altine ta kama hannun ta juya shi, ta kawo shi kusa da idonta, ta shafa tabon tun daga farko har ƙarshe. Ta tambaye shi wane lokaci ne abin ya faru. Ya ce tsakiyar rani, ko gajimare babu a sama.

Tsohuwa ta saki hannun ta yi tsaki.

"Wanga ƙuna ce. Wutar Nasara ce ta lashe shi. Na ga waɗanda aradu ta nema tun ban yi haƙoran girma ba, kuma ban taɓa ganin wanda ta bari ya tashi ya zo neman aure ba."

Aka yi 'yar dariya a bakin ƙofa. Ta ɗaga sanda aka yi tsit. Ta ce tun da akwai wanda ya san abin da ita ba ta sani ba, a je a kira shi ya zo nan gabanta ya rantse da aradu cewa ya ji maganar daga bakin direba, ba daga cikinsa ya ƙago ta ba.

Aka tafi kiran Inusa. Aka dawo aka ce ya ce yana zuwa, sai ya rufe rumfa.

Aka jira har inuwar bedi ta koma gabas.

Da aka sake aikawa, aka tarar ya hau motar Birnin Ƙonni, wai goronsa zai lalace in ya kwana.

Wannan karon dariyar har da su Baba Jibo. Ajuma ta zame ta zauna a ƙasa bayan rumbu, ta rufe fuska da tafin hannu tana godiya ga Allah.

Mutane suka watse, Gado ya yi godiya ya fita. Sai a lokacin Ajuma ta ji wani sauti daga ɗakin Inna. Kuka ne, irin wanda ake toshe baki don kada a ji.

Ta matsa kusa da taga. Kaka Altine na ciki.

"Ke Ladidi, ni na haife ki," in ji tsohuwar. "Kin san sarai yaron nan ba shi da aibu. Kunyar ɗiyar fari ce ta hana ki ki ce ba ki son ta tahi, shi ya sa kika ɓuya bayan aradu."

Inna ba ta musa ba. Cikin kuka ta ce Kurmi da nisa. Ta ce ta ga mazan da suka tafi can da alkawarin shekara ɗaya, har yau matansu na duban hanya. In ciwo ya kama yarinyar wa zai dafa mata kunu? In ta haihu wa zai yi mata wanka?

Kaka ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta tuna mata cewa waɗancan mazan su kaɗai suka tafi, wannan kuwa da uwarsa da matarsa zai tafi, mai niyyar ɓacewa ba ya ɗaukar tsohuwa. Ta ce ita ma ranar da aka kawo Ladidi Dogon Dutsi, garin kumandan Faransawa da sojojinsa, ta yi kuka har muryarta ta dishe, mutanen Lugu na ganin kamar an kai ta bakin duniya.

"Ga ni kuma yau na sha furar gidanki. Tashi ki kwance kayan mutane."

Ajuma ta koma bayan rumbu a hankali. Ita ce 'yar fari, don haka tun tasowarta Inna ba ta taɓa zaunar da ita kan cinya gaban mutane ba, ba ta taɓa yabon ta ba. Ta sha zaton ƙannenta aka fi so. Ranar ta yi kuka mai daɗi, wanda ba ta taɓa yin irinsa ba.

Da Gado ya ji abin da ke damun surukarsa, ya aiko kawunsa da alkawari gaban Baba Jibo: haihuwar fari a gida za a yi ta, shi da kansa zai kawo Ajuma goyon ciki, ko da zai rasa aikin.

Aka ɗaura aure bayan an shigar da gero rumbu. 'Yan matan unguwa suka yi waƙa suna tsokanar Ajuma wai za ta ƙasar da ake kunna fitila ba mai, ba ashana.

Ranar tafiya, da hantsi, kamyon Yamai ya tsaya a tasha. Daga Yamai za su bi ta garin Fada, su shiga Bawku, su gangara Tamale har Kumasi. Aka ɗora akwatin kayan aikin Gado, da tukwanen amarya, da buhun gero da tsohuwarsa ta rantse ba ta tafiya sai da shi, don an ce mata mutanen can rogo da ayaba suke ci. Baba Jibo ya zo, ƙanne suka zo, ƙawaye suka zo.

Inna ba ta zo ba.

Ajuma ba ta yi mamaki ba, haka al'ada take. Ta hau ta zauna kusa da surukarta, ta ja lulluɓi. Gado ya leƙo ya tambaye ta a hankali ko lafiya, ta gyaɗa kai.

Direba ya tayar da mota. Sun fara gangarawa ke nan, jan dutsen garin na bayansu, sai ta hango wata mace na sauri a gefen hanya, mayafinta na zamewa, da ƙullin kaya a hannu.

Gado ya bubbuga jikin motar, direba ya taka burki yana mita.

Inna Ladidi ta iso tana haki. Ta miƙa ƙullin sama, daddawa ce da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ba ta dubi surukinta ba, amma da shi take magana lokacin da ta ce a gaya wa mai hawan itacen Nasara ya riƙa ɗaura igiyarsa da kyau. Gado ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu.

Motar ta motsa.

Inna ta bi ta da 'yan taku, sannan ta tsaya tsakiyar hanya, gaban mutanen tasha duka, ta ɗaga murya ta faɗi sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi.

"Ajuma! Allah shi kai ki lahiya, ɗiyata."

Ajuma ta yaye lulluɓin ta miƙe tsaye cikin motar, Gado ya riƙe ta kada ta faɗi.

"Na'am, Inna," ta amsa, tana dariya tana kuka. "Na'am."