Aska a Hancin Falalu

Maijidda na tsugune gindin murhu a gidansu na Yalwawa, sai ga Inna, uwar mijinta, ta faɗo ko sallama babu, wani wanzamin Aujara na biye da ita da zabirarsa.

"Ina Falalun? Yau za a datse abin nan kowa ya huta!"

Maijidda ta miƙe zumbur. Tun damina wani tsiro ya toshe wa mijinta Falalu hanci, numfashi sai ta baki, ga haɓo ba dare ba rana. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, amma cike yake da jijiyoyin jini, sai a Kano za a cire shi, kada kowa ya taɓa.

Ta tare ƙofar ɗaki tana kuka. "Inna, don girman Allah ki bari! Wannan fa ba belu ba ne, dokta ya ce..."

"Doktan ne ya haifa mini shi? Iye! Ni za ki tare wa ƙofar ɗana? Falalu, ko ni ko ita!"

Falalu bawan Allah, ko a kan gishirin miya bai taɓa musa wa uwarsa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Maijidda, je ki gida tukuna."

Mayafi kawai ta ɗauka. Korar ta ƙona mata rai, amma tsoro ya fi ƙarfin fushi. Maimakon gidan iyayenta, tasha ta nufa ta ɗauko shatar mota, ta tsaya a bakin layi tana roƙon Allah ya sa wahalar banza ta yi.

Ba a jima ba ta jiyo ihun Inna. Aska na taɓa tsiron jini ya ɓalle, wanzami ya ranta a na kare.

A motar da ta ɗauko aka kwashe shi, da ƙyar aka tsayar da jinin a asibitin Dutse, aka wuce Kano. Da aka nemi mai ba da jini dangi suka fara zamewa ɗai-ɗai, Maijidda ta miƙa hannunta. Aka cire tsiron lafiya, likita ya ce a riƙa zuwa dubawa kada ya sake tohowa.

Ran da Falalu ya ja numfashi ta hanci, Inna ta riƙe hannun surukarta tana hawaye. "'Yar nan, na kore ki, ashe ba ki tafi ba."

"Inna, ina zan je na bar ki da gawa?"

Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma cuta sai masaninta. Mai haƙuri kuwa, wanda ya kore shi ne ke riƙo hannunsa.